Wa Ke Iya Ce Wa Sufeto Janar Tsaya? Waiwaye Kan Tarihin 'Yan Sandan Najeriya

Duk lokacin da hira ta faɗa kan 'yan sanda, a hostal ne ko a teburin mai shayi, a ƙasa take tsayawa. Kurtun da ya tare mai adaidaita sahu, kofur ɗin da ya ce a buɗe masa waya ya ga abin da ke ciki, sajen da ya ce beli kyauta ne amma takarda da biro ba kyauta ba ne. Da wuya ka ji an ɗaga kai an dubi sama. Alhali kuwa rundunar 'yan sandan Najeriya gida ɗaya ce, maigidanta ɗaya. Tun daga wanda ke tsaye a shingen hanyar Kaduna zuwa Zariya har kwamishinan jiha, duk a ƙarƙashin mutum guda suke, wato Sufeto Janar, wanda ofishinsa yake hedikwatar rundunar a Abuja, ginin da ake kira Gidan Louis Edet. To shi wannan mutumin, in ya yi ba daidai ba, wa ke da ikon taka masa birki? Kafin a kai ga amsa sai an koma baya tukuna, don tsarin da muke gani yau ba jiya aka gina shi ba.

Daga masu gadi 30 zuwa runduna ɗaya

A 1861, shekarar da Birtaniya ta mallake Legas, aka kafa wata 'yar ƙaramar ƙungiyar masu gadi ta mutum 30 don tsaron ofishin wakilin Turawa. Nan ne rundunar kanta take cewa tarihinta ya faro. Bayan shekara biyu wani hafsan sojan ruwa mai suna John Glover ya tara mutanen da ke jin Hausa, yawancinsu bayin da suka gudo daga hannun iyayen gijinsu, ya ba su bindiga da kaki. Aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Zuwa 1879 sun zama runduna mai ɗauke da makamai ta mutum 1,200. Da su aka je yaƙin Ashanti a ƙasar da yanzu ake kira Ghana, da su kuma aka ci ƙasar Ijebu da yaƙi a 1892.

Ku lura da dabarar Bature a nan. Bai ɗauki ɗan Legas ya tsare Legas ba. Baƙo ya ɗauko, wanda ba shi da kawu ko suruki a garin, wanda in an ce ya daka ba zai tsaya duba fuska ba. Wato tun ranar farko, ba don a kare talaka daga ɓarawo aka kafa wannan aiki ba. An kafa shi ne don a kare mai mulki da kasuwancinsa daga mutanen gari.

Haka abin ya tafi a sauran wurare. Kamfanin Royal Niger ya kafa tasa rundunar a 1888, hedikwatarta a Lakwaja. A 1894 aka kafa wata a Kalaba. Da aka shiga 1900 aka yi yankin Arewa da na Kudu, sai aka tsaga waɗannan rundunoni, wasu suka zama soja, wasu suka zama 'yan sandan Arewa da na Kudu. Ko da Gwamna Lugga ya haɗe ƙasar a 1914 bai haɗe 'yan sandan ba. Sai ranar 1 ga Afrilu, 1930 aka dunƙule su wuri guda da sunan Rundunar 'Yan Sandan Najeriya. A 1943 aka yi mata doka, kuma wannan dokar ta Turawa, da 'yan gyare-gyare nan da can, ita muka yi ta amfani da ita har 2020. Shekara 77 kenan.

Amma a nan Arewa, kakanninmu ba ɗan sandan gwamnati suka fi sani ba. Dogari suka sani, mai riga ja da kore, wanda tun kafin zuwan Bature shi ne hannun sarki wajen kamu da horo. Turawa suka bar dogarai a wurinsu saboda mulkin da suke yi ta hannun sarakuna. Daga shekarun 1920 aka fara zamanantar da su, aka fitar da 'yan doka masu kaki da fareti, waɗanda En'e ke biya kuma take ba umarni. Saboda haka har bayan samun 'yancin kai a 1960, 'yan sanda iri biyu ne a ƙasar nan: na tarayya, da na En'e a Arewa da na ƙananan hukumomi a Yamma.

Ɗan doka ɗan gari ne, ya san lungu da saƙo, ya san wane ɗan gidan wane ne. Wannan alheri ne wajen kama ɓarawon akuya. Da siyasa ta shigo kuwa, sai ya zama masifa. Duk wanda ya taɓa zama da tsohon ɗan NEPU, jam'iyyar su Malam Aminu Kano da aka kafa a 1950, ya ji labarin yadda 'yan doka ke kama mutum don ya yi taro ba izini ko don an ce ya zagi sarki, a kai shi gaban alƙali, kafin la'asar yana gidan yari. A Yamma ma haka gwamnatin Akintola ta yi da nata 'yan sandan a zaɓukan 1964 da 1965. Shi ya sa da sojoji suka karɓi mulki a 1966, kwamitin da suka naɗa ƙarƙashin Yusuf Gobir ya ba da shawarar a rushe su. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon na 1970 aka narkar da 'yan doka cikin rundunar tarayya. An yi maganin zaluncin hakimi da sarki, amma sai aka tattara dukkan ikon aka danƙa wa mutum ɗaya a babban birni.

Baƙar fata na farko da ya hau wannan kujera shi ne Louis Edet, mutumin Kalaba, a 1964. Kam Salem ya gaje shi a 1966, sai M.D. Yusufu, jikan Sarkin Katsina Dikko, daga 1975 zuwa 1979. A zamanin soja Sufeto Janar ba ma'aikaci ba ne kawai, yana zama a majalisar ƙoli ta mulkin soja, da shi ake yanke shawara. Har gwamnoni aka naɗa daga cikin 'yan sanda. Audu Baƙo da Kanawa ba sa mantawa da shi ɗan sanda ne, haka Usman Faruk na Jihar Arewa maso Yamma da Joseph Gomwalk na Binuwai-Filato. To a irin wannan yanayi wa zai binciki Sufeto Janar? Shi da masu binciken a tebur ɗaya suke cin abinci.

Mu ɗalibai muna da namu kason a wannan tarihi, kuma ba mai daɗi ba ne. Ranar 1 ga Fabrairu, 1971 'yan sanda suka harbe Kunle Adepeju a Jami'ar Ibadan. Ranar 23 ga Mayu, 1986 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shiga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru suka buɗe wuta. Alƙaluman hukuma sun ce mutum huɗu suka mutu, ɗalibai suka ce sun fi haka. Gwamnatin Babangida ta kafa kwamiti ƙarƙashin Manjo Janar Emmanuel Abisoye. Shugaban jami'ar, Farfesa Ango Abdullahi, ya bar kujerarsa, aka haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NANS. Sufeto Janar na lokacin, Etim Inyang, yana nan daram.

Abin da ya girgiza shi wani abu ne daban. A wannan shekarar wani ɗan fashi mai suna Lawrence Anini ya addabi Benin, yana kashe 'yan sanda yana watsa wa mutane kuɗi a kasuwa, har Babangida ya juya ya tambayi Inyang ina Anini yake, maganar ta cika jaridu. Kafin shekarar ta ƙare Inyang ya bar aiki, Muhammadu Gambo Jimeta ya hau, aka kama Anini a Disamba. Da aka zo shari'a sai ga shi wani babban jami'in ɗan sanda, George Iyamu, shi ke ba 'yan fashin makamai da bayanan sirri. An kashe su a 1987. Ku riƙe wannan bambancin a ranku, jinin ɗalibai da kunyar shugaban ƙasa, don za mu sake cin karo da shi.

Abin da takarda ta ce

Kundin tsarin mulkin 1999, sashe na 214, ya ce runduna ɗaya ce, kuma ba a yarda a kafa wata rundunar 'yan sanda a tarayya ko a wani ɓangare nata ba. Sashe na 215 ya ce shugaban ƙasa ne ke naɗa Sufeto Janar daga cikin jami'an da ke bakin aiki, bisa shawarar Majalisar 'Yan Sanda. Su wa ke cikin wannan majalisa? Shugaban ƙasa ne shugabanta, sai gwamnoni 36, sai shugaban Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, sai kuma shi Sufeto Janar ɗin da kansa. Shawara kawai suke bayarwa. A aikace ma shugaban ƙasa yakan sanar da mutuminsa a matsayin muƙaddashi, bayan 'yan watanni a kira majalisar ta sa albarka. Minista sai ya je gaban Majalisar Dattawa an tantance shi, shugaban EFCC ma haka. Sufeto Janar, mai iko da mutum kusan dubu 370 masu ɗauke da makamai bisa alƙaluman da aka fi ambata, ba ya bi ta wannan ƙofar.

Ita kuwa Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, wadda aka fi sani da PSC, ita ce aka ɗora wa ɗaukar aiki da ƙarin girma da ladabtarwa da kora. Tana iya korar kowa, daga kurtu har mataimakin Sufeto Janar. Mutum ɗaya tak kundin ya cire daga hannunta, kun san ko waye. Babangida ya ma rushe ta gaba ɗaya a 1989, sai bayan dawowar farar hula aka yi mata sabuwar doka a 2001. Wani abin kuma, hukumar da aka yi don farar hula su sa wa 'yan sanda ido, daga 2013 zuwa 2024 tsofaffin Sufetoci Janar uku ne suka shugabance ta: Mike Okiro, Musiliu Smith da Solomon Arase. Ban ce ba su yi aiki ba. Amma ɗan gida ya binciki gidansu, ai kun san iyakar inda zai tsaya.

Akwai wani ɗan ƙaramin sashe da mutane ba su cika karantawa ba, 215(5). Ya ce babu kotun da za ta binciki ko shugaban ƙasa ya ba Sufeto Janar umarni, ko wane irin umarni ya ba shi. Na sama da shi kuma, 215(4), ya ce gwamna na iya ba kwamishinan 'yan sanda umarni, amma kwamishinan yana da damar cewa a bari sai an ji daga Abuja. Shi ya sa laƙabin da ake ba gwamna na babban jami'in tsaron jiha, rabinsa kirari ne. A Yulin 2003 wani Mataimakin Sufeto Janar, Raphael Ige, ya jagoranci 'yan sandan da suka ɗauke gwamna mai ci, Chris Ngige na Anambra, daga ofishinsa. Hukuncin da aka yi masa shi ne ritaya. A Mayun 2024 kuma, lokacin rikicin masarautar Kano, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ba da umarnin a kama Alhaji Aminu Ado Bayero, kwamishinan 'yan sanda ya fito ya ce su umarnin kotu za su bi. Ko wane ɓangare kake goyon baya a wannan rigima, ka dai ga inda linzamin yake.

Waɗanda suka faɗi da yadda suka faɗi

Musiliu Smith shi ne na farko a wannan jamhuriya. A Fabrairun 2002 ƙananan 'yan sanda suka shiga yajin aiki kan haƙƙoƙinsu, abin da ba a taɓa gani ba. Wata guda bayan haka Obasanjo ya sauke shi.

Wanda ya gaje shi, Tafa Balogun, shi kaɗai ne a jerin nan da ya kai ga ɗauri saboda abin da ya yi a kan kujera. An tilasta masa ritaya a Janairun 2005. Hukumar EFCC ƙarƙashin Nuhu Ribadu ta tuhume shi da karkatar da biliyoyin naira na rundunar ta hanyar wasu kamfanoni. Abin da ya sa labarin ya yi armashi shi ne Ribadu ɗan sanda ne, kuma ƙaramin Balogun ne nesa ba kusa ba, mutumin da watanni kaɗan kafin nan sai ya ƙame ya sara masa. Duk ƙasa ta ga hoton tsohon Sufeto Janar da ankwa a hannu a harabar kotu. A Nuwamban 2005 ya amsa laifi takwas, aka yanke masa wata shida, aka ƙwace kadarori da kuɗaɗe. Wata shida fa. Akwai waɗanda suka fi haka daɗewa a gidan yari suna jiran a fara sauraren shari'arsu kan satar waya.

Duk da haka shari'ar ta nuna cewa abin mai yiwuwa ne. Sai dai ku duba ta wace hanya ta biyo. Ba PSC ce ta kama shi ba, ba Majalisar 'Yan Sanda ba, ba Majalisar Dattawa ba. Wata hukuma ce ta daban, kuma sai da shugaban ƙasa ya fara janye masa rigar kariya. Shi ma Ribadun, da gwamnati ta canza, PSC ta rage masa girma a 2008, aka kore shi daga aiki, sai daga baya aka mayar masa da muƙaminsa.

Hafiz Ringim yana kan kujera aka tayar da bam a harabar hedikwatar rundunar ranar 16 ga Yuni, 2011. Bai sauka ba. Sai a Janairun 2012, da Kabiru Sokoto, wanda ake zargi da harin cocin Madalla na ranar Kirsimeti, ya kuɓuce daga hannun 'yan sanda, ga kuma hare-haren 20 ga Janairu a Kano, sannan Jonathan ya sallame shi. Suleiman Abba kuwa shi ne ya janye wa Kakakin Majalisar Wakilai Aminu Waziri Tambuwal masu tsaronsa bayan ya koma APC a 2014. A Nuwamban shekarar 'yan sanda suka rufe ƙofar Majalisar Tarayya, aka harba barkonon tsohuwa, muka ga 'yan majalisa da manyan riguna suna haura katanga. Ba abin da ya same shi a lokacin. Sai a Afrilun 2015, bayan Jonathan ya faɗi zaɓe, sannan aka sauke shi.

Labarin Ibrahim Idris shi ya fi fito da raunin majalisa fili. Da aka naɗa shi a 2016 yana Mataimakin Sufeto Janar, sai da aka yi wa manyansa ritaya, ciki har da masu muƙami irin nasa su 21, don kada wani ya sara wa ƙaninsa a aiki. Wannan al'ada kaɗai tana cin ƙwararrun jami'ai duk lokacin da aka yi sabon naɗi. A Janairun 2018, bayan kashe-kashen Binuwai, Buhari ya umarce shi ya koma can da zama. Da Buhari ya kai ziyara jihar a Maris, aka gaya masa mutumin bai zauna ba, sai ya ce bai san haka ba. A tsakanin Afrilu da Mayu Majalisar Dattawa ta gayyace shi har sau uku kan batun Sanata Dino Melaye da kashe-kashen da ake yi a ƙasa, bai je ba. Majalisar ta ayyana shi maƙiyin dimokuraɗiyya, ta ce bai cancanci riƙe muƙamin gwamnati ba. Ya ci gaba da aikinsa har Janairun 2019, lokacin da shekarun ritayarsa suka cika. A nawa ganin su ma sanatocin sun rage wa kansu ƙima, don kowa ya ga zafin da suka ɗauka ya fi yawa a kan ɗan uwansu sanata fiye da kan mutanen ƙauyen da aka kashe.

Kotu fa? A Nuwamban 2022 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke wa Sufeto Janar Usman Alkali Baba ɗaurin wata uku saboda ƙin bin umarnin da aka daɗe da bayarwa na a mayar da wani jami'i da aka yi wa ritayar dole. Tambayar da kowa ya yi ita ce, wa zai je ya kamo shi? Bai kwana ko ɗaya a gidan yari ba, kuma kafin shekara ta ƙare kotun ta janye hukuncin.

Sai 2020. Matasa suka fito kan tituna suna neman a rushe SARS, sashen yaƙi da fashi da aka kafa a Legas a 1992, wanda ya koma tare samari don an gan su da kwamfuta ko waya mai tsada. Ranar 11 ga Oktoba Sufeto Janar Mohammed Adamu ya sanar da rushe shi, bayan kwana biyu ya sanar da sabon sashe mai suna SWAT. Ranar 20 ga wata aka yi harbin Lekki. Jihohi da dama suka kafa kwamitocin shari'a, mutane suka zo suka ba da shaida, wasu aka biya su diyya. Ita ma rundunar ta ce an kashe mata jami'ai 22. A nan Arewa zanga-zangar ba ta yi ƙarfi ba, har ƙungiyar gwamnonin Arewa ta ce SARS na da amfani a yankinsu. Wannan ma abin tunani ne. Mu matsalarmu a ƙauyuka da yawa ita ce ɗan sandan ma babu shi, 'yan bindiga su zo su yi awa uku ba wanda ya leƙo. Su a can yawansa ne ya ishe su. Ciwo biyu ne, amma daga ofishi ɗaya ake raba jami'ai, daga nan kuma ake yanke shawarar nawa za a tura gadin manya su riƙe wa matansu jaka.

Rigimar wa'adi

Wata guda kafin wannan zanga-zanga, a Satumban 2020, Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar 'yan sanda. Akwai abubuwa a cikinta da ya kamata kowane ɗalibi ya haddace. Ba a kama mutum a madadin wani, wato ba za a tafi da kai don an rasa yayanka ba. Ba a kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Kundin tsarin mulki kuma, sashe na 35, ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40. Ana bin su? Ku kuka fi ni sani. Amma wanda ya san da su ya fi wanda bai sani ba bakin magana a caji ofis.

Dokar ta kuma ba Sufeto Janar wa'adin shekara huɗu. Manufar mai kyau ce: mutum ya san ba za a tashe shi da sanarwar rediyo ba, ya samu ƙarfin halin ce wa 'yan siyasa a'a. Amma wani sashe na dokar ya ce kowane ɗan sanda zai yi ritaya in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a aiki. To in an naɗa mai shekara 58 fa, wanne za a bi? Nan aka shiga ruɗani. Mohammed Adamu ya cika 35 a Fabrairun 2021, Buhari ya ƙara masa wata uku, sannan tun watannin ba su cika ba aka maye gurbinsa a Afrilu, yana Owerri yana duba ɓarnar harin da aka kai hedikwatar 'yan sandan Imo. Usman Alkali Baba ya cika 60 a Maris ɗin 2023, ya zauna har Yuni.

Kayode Egbetokun, wanda ya taɓa zama babban mai tsaron Tinubu lokacin yana gwamnan Legas, an naɗa shi a Yunin 2023, kuma zai cika 60 ranar 4 ga Satumba, 2024. A Yulin 2024 Majalisar Tarayya ta gyara dokar, ta ce wanda aka naɗa Sufeto Janar zai ƙarasa wa'adin da ke takardar naɗinsa ko shekarunsa sun wuce. A zama ɗaya aka yi karatu na ɗaya da na biyu da na uku. Ku da kuka san yadda ƙudurin da ya shafi ilimi ke shekara yana jiran layi, kun ga bambanci. Omoyele Sowore ya riƙa kiransa haramtaccen Sufeto Janar, 'yan sanda suka gurfanar da shi a kotu a farkon 2025. Ni abin da ya dame ni ba shekarun mutum ba ne. Wa'adin da aka yi don ya 'yantar da mai kujera daga fadar shugaban ƙasa, ya koma kyautar da fadar ke bayarwa, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ita ma PSC sai da ta kai rundunar kotu kan wa ke da ikon ɗaukar kurata dubu 10 a 2019. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba ta gaskiya a 2020, Kotun Ƙoli ta tabbatar a Yulin 2023. Shekara huɗu ana shari'a kan abin da ke rubuce a kundi.

Kada wani ya ɗauka ina wanke kurtun bakin hanya. Wanda ya karɓi na goro da bakin bindiga ya yi laifi, ba wani kwana-kwana. Amma ku tuna a Janairun 2013, da gidan talabijin na Channels ya nuna halin da Kwalejin 'Yan Sanda ta Ikeja ke ciki, ɗakunan kwana a lalace, kurata da yawa na rabon kifi ɗaya, sai da Jonathan ya je da kansa ya gani. A irin wannan wuri ake horar da mutum, a ba shi bindiga, a tura shi caji ofis ɗin da sai mai ƙara ya sayi man mota kafin a fita. Kasafin kuɗin kuwa ta sama yake bi. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. An kafa kwamitocin gyara a 2006 da 2008 da 2012, ƙarƙashin Muhammad Ɗanmadami da M.D. Yusufu da Parry Osayande, duka tsofaffin manyan 'yan sanda, kuma duk sun miƙa rahoto. M.D. Abubakar ya hana shingayen hanya a 2012. Ku ƙirga nawa kuka wuce a hanyarku ta dawowa hutu.

Yanzu magana ta koma kan 'yan sandan jihohi. Jihohin Yarabawa sun kafa Amotekun a 2020, Katsina ta ƙaddamar da nata jami'an tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta fito da Askarawa a farkon 2024, kuma a Fabrairun 2024 shugaban ƙasa da gwamnoni suka amince a duba batun. Masu goyon baya na cewa ɗan gari ya fi sanin daji da harshe, kuma gaskiyarsu. Masu adawa na tuna mana da 'yan doka, suna nuna yadda jam'iyyar gwamna ke lashe kusan kowace kujera a zaɓen ƙananan hukumomi, suna tambaya me zai faru in an ƙara masa bindiga. Su ma gaskiyarsu. Ni abin da nake so mu riƙa nema a duk ƙudurin da aka kawo shi ne sassan da ba su cika shiga labarai ba: wa zai naɗa shugaban rundunar jihar, wa zai tantance shi, wa ke iya cire shi ba tare da yardar gwamna ba, kuma ko kotu za ta iya tambayar umarnin da aka ba shi. Gyaran sashe na 214 na buƙatar kashi biyu bisa uku na kowace majalisa a Abuja, da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36, saboda haka dole ƙudurin ya biyo ta hannun ɗan majalisar jiha na mazaɓarku.